Faifan Turare

Kwamfutar ta yi ɗan gurnani, ta yi shiru, sannan ta turo faifan waje kamar yaron da ya tofar da magani. Jan rubutu ya fito a kan allo, aikin bai kammala ba. Hamsatu ta ɗauke faifan da yatsu biyu ta ɗora shi kan 'yan'uwansa da suka riga shi lalacewa.

"Ya yi?" in ji Malam Gado daga kan benci.

"Saura kaɗan, Baba."

"Tun hantsi kike ce min saura kaɗan, Uwata."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta Hamsatu ba. Yana zaune a ɗan shagonta da ke bayan kasuwar Jega, sandarsa tsakanin gwiwoyi, idanunsa da yanar ido ta rufe suna kallon wajen da yake jin muryarta. Gobe da safe yayanta Ya'ƙub zai kai shi Birnin Kebbi a yi masa aikin ido. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma tsohon bai yarda ba. Ya sa a ransa ɗan hasken da ya rage masa ma a can zai baro shi, kuma kafin hakan ta faru abu ɗaya yake so, ya ƙara ganin matarsa.

Inna Kubura ta rasu shekarar da Hamsatu ke ajin ƙarshe a makarantar koyon kwamfuta. Ba ta bar hoton kirki ba, don ba ta son tsayawa gaban mai hoto. Wuri ɗaya kawai take motsi tana magana, a bidiyon bikin Bushra, ƙanwar Hamsatu. Faifan bikin ya daɗe yana sarƙewa a tsohuwar na'urar gidansu, har ya daina yi gaba ɗaya. Allah ya sa Hamsatu ta taɓa kwafe shi a kwamfutarta. Abin da ya rage a ɗora shi kan sabon faifai, aikin da take yi wa masu biki da ɗalibai kullum ba tare da ta ɗaga kai ba.

Sai ga Baba ya iso tun da safe daga Karaye da tulin faya-fayansa a leda. A tasha ya saya wurin wani mai talla.

"Masu ruwan zinari na zaɓo," ya ce mata yana murmushi. "Na ce da yaron uwar ɗiyana za a sa ciki, kar shi ba ni na banza."

Ta san irinsu. Ta ɗaga ɗaya a saitin hasken ƙofa, ga ƙananan huji nan birjik kamar rariya, bakinsa kaushi-kaushi, yana warin roba. Amma yadda ya riƙe ledar da hannu biyu ya hana ta magana. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta rage gudu, duk a banza.

"Baba, ku matso kusa in kunna muku a nan mana. Allon nan ya fi talabijin ɗinku haske."

Ya girgiza kai. "Ba ni kallon uwarku cikin kasuwa, kowa na leƙe. Ɗakinta dai."

Ta san ba zai sauya ba. Ta kama hannunsa ta raka shi tasha, ta sa shi a motar Maiyama, ta ce ya je ya haɗa kayan tafiya, kafin la'asar tana tafe da faifan. Yana jan ƙofa ya leƙo.

"Cikin na zinarin hwa."

"In sha Allahu," ta ce, ta kau da kai.

Daga tasha shagon Tukur ta nufa. Shi ne babban mai sayar da kayan lantarki a layin, kuma shi ne ya rantse ranar da ta buɗe shago cewa damina ba za ta riske ta a wurin ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa, tana nan.

"A'a, Injiniya da kanta," ya ce yana miƙewa daga kan kujera. "Yau kwamfutar ta gagara ne?"

"Kwamfuta lafiyarta lau. Faifai nake so na kirki, ba irin wanda kake ɗura wa mutanen ƙauye ba."

"Ni? Kaf shagon nan babu jabu."

"To sauko min da kwalin can na sama, wanda kake ɓoyewa."

Ya yi dariya ya taka kujera ya sauko da shi. Ta zaro ɗaya, ta duba rubutun jikinsa, ta mayar.

"Wannan mai alamar tarawa ne. Mai alamar ragewa nake so. Na'urar gidanmu ta girmi aurenka, ba ta karanta waɗannan."

"Duk ɗaya ne, ƙanwata."

"A wurin mai sayarwa."

Ya sake lalubowa yana mita. Ta ɗaga sabon a haske, babu huji ko ɗaya. Ta juya bayansa, launin shuɗi mai duhu ya kwanta daidai tun daga tsakiya har baki, babu dabbare-dabbare. Ta shafa gefensa da babban yatsa, sumul. Ta ɗauki biyu.

"Na wane ango ne ake wannan tsirfa?" in ji Tukur.

"Na Baba ne. Bidiyon Inna. Gobe za a yi masa aikin ido."

Tukur ya daina dariya. Ya ciro 'yan gidajen faifai na roba guda biyu daga ƙarƙashin kanta ya sa mata a leda.

"Allah ya ji ƙan Inna Kubura. Ta sha ba ni fura in na je Karaye ɗaura eriya. Ki sa su a nan, kar ƙura ta taɓa."

Da ta koma shago akwai wuta, amma ba ta yarda da ita ba. Ta ja janareta ta mayar da komai kansa, ta rufe duk abin da ke buɗe a kwamfutar, ta zaɓi gudu mafi ƙanƙanta. Ɗalibai biyu suka leƙo da aikin buga takarda, ta ce su dawo gobe. Ta zauna ta harɗe hannu tana kallon koren layin yana jan ciki. Ko teburin ba ta taɓa ba. Da ya kai ƙarshe ta sa kwamfutar ta rufe faifan yadda ba za a ƙara masa komai ba, ta kuma bi shi ta tantance. Ta yi na biyun haka. Ta gwada su a na'urar shago, duka suka tashi. Da muryar masu guɗa ta fito sai ta yi maza ta kashe, don ita ma ba ta son jin Inna cikin kasuwa.

Tana kulle shago ta tuna da na zinarin. Ta koma ta kwashe su ta zuba a jaka, tare da sukundireba da 'yar kwalbar sifirit da ba ta rabuwa da su.

Motar ta bi bayan wata tirelar albasar Aliero har kusan Maiyama, kowa na share hawaye yana tsine wa direba. Daga Maiyama ta hau babur. Ana kiran la'asar ta sauka ƙofar gidansu.

Ɗakin Inna yana nan yadda ta bar shi, jeren kwanoni a kabad, gado mai rumfa, talabijin a kan tebur an lulluɓe shi da zane. Malam Gado ya riga ya jawo tabarma gaban teburin, ya sa hularsa ta Juma'a. Ta miƙa masa faifai ɗaya a gidansa na roba don ya ji nauyinsa a hannu, ta fita bayan ɗaki tayar da janareta. Sai da ta ja igiya har kafaɗarta ta amsa kafin ya kama. Da ta dawo ya riga ya zura faifan a na'ura da kansa.

Na'urar ta yi ta juyi, ta yi ƙas-ƙas, sannan ta rubuta cewa babu faifai.

"Mi ta ce?"

"Tana tunani ne, Baba."

Ta kashe ta kunna. Babu faifai. Ta bi komai a ranta, irin faifan daidai ne, gudun daidai, ta rufe shi, ta gwada da idonta.

"Bar shi, Uwata," ya ce a hankali. "Kin yi iyakar yinki. Allah bai nuhwa ba."

"Ba a kai nan ba."

Ta danna, bakin na'urar ya buɗe, ta ɗauko faifan. Kafin ta juya shi ƙamshin ya riga ya kai mata. Humra ce, mai nauyi, mai ɗan ɗacin sandal, irin wadda ke tashi daga zanen Inna in ta sunkuya tana ɗaure mata ɗankwalin makaranta. Ta juya bayan faifan. Sawun yatsa ne na maiƙo, ya zagaye shi tun daga tsakiya har baki. Ta kai hanci bakin na'urar, ita ma ƙamshi take kamar akwatin amarya. A gefen tabarma, rabi a ƙarƙashin babbar rigarsa, ga 'yar kwalbar turaren Inna nan, saura kaɗan a gindinta.

Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, me kuka shafa wa faifan?"

Ya kau da kai yana murza gemu.

"Tsohon ma haka kuke yi masa?"

"Duk sadda za ni kunna shi," ya ce. "Ke kin san ta. Ba ta taɓa hita gaban mutane ba turare ba. Ko ƙohwar gida za ta leƙa sai ta shahwa. To ni in hiddo ta haka nan?"

Hamsatu ta buɗe baki. Bayani na nan a kan harshenta, yadda maiƙo ke hana haske ratsawa, yadda turare ke cin roba, yadda ya kashe tsohon faifan da hannunsa. Ta haɗiye shi duka. Ta miƙe ta zare wayar wuta, ta ciro sukundireba.

Ta kwance murfin na'urar. Ɗan gilashin da ke karanta faifai ya yi dusu-dusu, maiƙon shekaru ya kama ƙura ya daskare a kansa. Ta tsinko auduga a bakin tsohon matashi ta naɗa a tsinken tsintsiya, ta ɗiga sifirit, ta goge shi a hankali kamar mai share wa jariri kwantsa. Ta sake naɗa busasshiya ta bi. Ta goge farantin da faifai ke zama. Ta mayar da murfi, ta ciro faifai na biyu daga jaka, ta saka shi da hannunta.

Na'urar ta juya, ta yi jim. Sai guɗa ta cika ɗakin.

Ta tura shi gaba, ta wuce 'yan ɗaurin aure, ta wuce kayan lefe, ta tsaya a tsakar gida. Ga Inna Kubura nan bakin tukunya da ludayi a hannu, ɗankwali ya zame, tana kare fuska da gwiwar hannu.

"Kai mai hoto, kauce min da abin nan. Je ka ɗauki amarya, ni mi za a yi da ni?" Sai ta fashe da dariya, wushiryarta ta fito.

Malam Gado ya ja jiki har hancinsa ya kusa taɓa gilashin talabijin. Ya ɗaga hannu, ya fasa taɓawa.

"Atamfa ce koriya ga jikinta?"

"Koriya ce, Baba. Wadda kuka sayo mata a Jega."

"Ta ce ta yi mata yarinta." Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da hannun riga. "Inuwa-inuwa nike gani. Amma ita ce. Maido min baya."

Ta maido. Ta sake maidowa. Ba ta ƙirga ba.

Can ta ga hannunsa yana lalubar kwalbar a gefen tabarma, yana kuma kallon bakin na'urar. Ta jawo jakarta ta zaro ɗaya daga cikin na zinarin. Da alƙalamin rubutun faifai ta rubuta Inna a kansa da manyan baƙaƙe, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ga naku na zinari. Wannan shi ne na turare. Ku shafa masa yadda kuke so, ku jingina shi a kan talabijin, ƙamshin zai same ta. Na cikin na'urar kuma ba a taɓa shi."

Ya juya faifan, ya kai shi kusa da ido, yana ƙyalli.

"Wato nawa bai ɗauki komi ba ke nan."

"Zai ɗauki turare."

"Ja'ira," ya ce. "Halin uwarki sak."

Ya buɗe kwalbar ya dangwala, ya shafe faifan ciki da baya, ya miƙa mata ta jingina shi a kan talabijin. A allo Inna tana ta rabon shinkafa tana faɗa da masu miƙo kwano biyu.

"Kar ki hidda wancan," ya ce. "Bar shi ciki. In na komo daga Birnin Kebbi ina son in ga atamfar nan da kyau."

"Yana nan, Baba."

Sauran turaren da ya rage a yatsansa ya lalubo gefen mayafinta ya goge a kai.