Almakashin Magadaliya

Da majalisar jiha ta haɗe cibiyoyin koyar da sana'a a ƙarƙashin hukuma guda, ni Gertrude ko kai ban ɗaga daga kan keken ɗinki ba. 'Yan siyasa ai ba sa rasa abin haɗewa da rabawa. Sai da aka ce masu koyo a shagunanmu su ma za a gwada su a ba su takardar shaida, sannan na kasa kunne.

Magadaliya ce na fara gabatarwa don gwajin. Ta zo shagona a Tina Junction bayan rasuwar mijinta, ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Yanzu ga wata makaranta za ta ba ta ɗinkin yunifom, amma sai da takarda. In ta faɗi, aikin ya tafi.

Ranar gwaji, Dantong jami'in hukumar ya shimfiɗa yadi a tebur, ya ce ta yanka riga ta ɗinka. Sannan ya juyo gare ni.

"Madam, doka ta ce oga ya fita waje. Ba magana, ba nuni."

"A shagona?"

"A shagonki, Madam. Yi haƙuri."

Na fita ina ƙunƙuni, na tsaya bakin taga. Ta auna, ta ja alli, komai daidai, ta ɗauki almakashi. Sai ta tsaya cak ta zuba min ido.

Nan take na gane. A sana'armu mai koyo ba ya sa almakashi a yadi sai oga ya duba ya ce "yanka". Ba rashin iyawa ba ne, ladabi ne zai kayar da ita. Dantong ya dubi agogo, ya dube ni. In na gyaɗa kai ta faɗi, in na ci gaba da tsayuwa za ta jira ni har yamma.

Sai na juya mata baya. Na matsa wurin mai gasa masara a gefen shago, ina ta jujjuya masara kamar mai saye.

Can na ji ƙarar almakashi, doguwar yanka, ba gargada. Wallahi daɗin da na ji ya fi na ranar da aka yaye ni daga koyon ɗinki.

Da rana Dantong ya ɗaga rigar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce ta ci. Magadaliya ta fito ta durƙusa a gabana.

"Mama, yi haƙuri. Na yanka ba ki ce ba."

Na ɗago ta, idona cike da hawaye.

"Tashi, tela. Daga yau ba mai ce miki yanka."