Harsasan Noy Ambo

"Ba wannan ba, Dong. Koma baya, wadda take da tagogi biyu."

Na goga yatsa a kan wayar Jovelyn, hoton ya koma baya. Noy Ambo ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, ya rufe ido ɗaya kamar mai saita bindiga, sannan ya miƙo mini. Sunana Berting, amma Dong yake ce mini, yadda manya ke kiran na ƙasa da su a wajenmu, mu kuma mu ce wa babba Noy.

"Karanta mini abin da suka rubuta a ƙasa."

"Jiya na karanta maka, Noy. Shekaranjiya ma haka."

"To bakin naka ya ƙare ne?"

Na karanta. Shigowarmu ke nan daga asibiti, inda nake kai shi wankin ƙoda a babur ɗina mai ƙafa uku. Auduga na manne a hannunsa, bayana yana ciwo, cikina babu komai sai kofin safe. 'Yarsa Jovelyn tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon faten shinkafa da ya riga ya huce. Aikinta ta baro a Doha ta dawo jinyarsa, kuma tun da ta dawo ban ga ta yi barci mai kyau ba.

"Baba, ka zaɓi kowacce ce, zan saya," in ji ta. "Ka dai zaɓa, ka ci abinci."

"Ba kifi ake saye ba, Day," in ji shi. Day muke ce wa 'ya mace.

Katako ne kawai tsakanin ɗakina da nasa a layinmu na Danao. Tun ina ƙarami nake jin ƙarar injinsa na hannu, ƙwas, ƙwas, yana ɗura harsasai. Mahaifinsa maƙerin bindiga ne kamar rabin tsofaffin garin, amma shi harsashi ya zaɓa. Masu gasar harbi su kawo masa kwanso, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan sikeli, ya danna kan dalma. Har daga birnin Cebu ake zuwa. Ana cewa harsashin Ambo ba ya ƙarya.

A gasar lardi ta bara ne abin ya faru. Ƙa'ida ce alƙalai su ɗebi kaɗan daga harsasan kowa su harba ta cikin kurono, na'urar da ke auna gudun harsashi. Wanda nasa bai kai gudun da ake so ba, a mayar da shi ƙaramin aji, makinsa ya zube. Ronilo mai shagon abincin aladu, wanda ya shekara yana shiri, nasa da Noy Ambo ya ɗura suka gaza. Da yamma ya zo layinmu ya tsaya a ƙofar Noy Ambo, bai ko shiga ba.

"Ka tsufa ka ƙi yarda! Ka sa na zama abin dariya!"

Duk layin ya ji. Tun daga ranar Noy Ambo ya kafe a kan magana ɗaya: na'urarsu ce ta yi ƙarya. Ranar akwai hadari, in ji shi, ita kuwa mai tagogi biyu inuwar harsashi take gani, in haske ya canza sai ta rikice. Zai sayi tasa, ya auna a gaban kowa.

Shi ne muke ta zaɓe. Mai tagogi tana da araha, amma ita ce wadda yake zargi, kuma ya ce ya sha ganin wawa ya harbi na'urar kanta bisa kuskure. Akwai wadda ake ɗaurewa a bakin bindiga, ya ce wannan ta masu dogayen bindigogi ce. Akwai ƙarama da ake ajiyewa a gefe, ta bi harsashin da kanta kamar na'urar da 'yan sanda ke kama masu gudu a titi, ba ruwanta da rana ko hadari. Ita ce mai tsada. Kullum sai mu zagaya duka ukun, mu dawo inda muka fara.

Da na fito, Jovelyn ta biyo ni har wajen babur.

"Noy Berting, ba zaɓe yake yi ba. Jan lokaci yake."

"Na sani."

"Sukari ya cinye masa ido. Jiya ya kira ni da sunan Mama."

Na tayar da babur na tafi neman fasinja.

Bayan 'yan makonni likita ya kira Jovelyn gefe, suka daɗe. A hanyar dawowa, da muka wuce kasuwa, sai Noy Ambo ya taɓa mini kafaɗa.

"Dong, ka ce mata ta sayi mai tsadar."

"Ga ta nan kusa da kai, Noy."

"In na faɗa mata kuka za ta yi."

Ta yi kukan duk da haka.

Da na'urar ta iso, duk girmanta bai fi sabulun wanka ba. Ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ce ta ci albashin 'yata?" Washegari da safe ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauko akwati biyu na harsasai, na kai shi filin harbi da ke bayan gari.

Hannunsa ba ya iya riƙe bindiga kuma, sai mai kula da filin ya karɓa. Ya kafa na'urar a kan tebur. Rana tarwai, babu ko ɗigon gajimare. Aka ba Noy Ambo kujerar roba, ni kuma na tsaya ina karanta masa lambobin.

"Fara da koren akwati," in ji shi. "Tun matata na da rai na ɗura su."

Mutumin ya yi ta harbi. Lambobin suka riƙa fitowa kusa da juna kamar 'yan gida ɗaya. Noy Ambo yana gyaɗa kai.

"Na'urar tana da hankali. To, ɗauko ɗayan. Ragowar na Ronilo ne."

Na farko ya fito ƙasa sosai. Na biyu ya hau. Na uku ya sake faɗowa, ƙararsa ma kamar an tafa hannu. Na gaba kuwa ya yi wata irin ƙara, bindigar ta zabura, mai kula da filin ya sauke ta ya dubi tafin hannunsa. Na karanta lambar. Ta wuce duk na koren akwatin nesa ba kusa ba.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Noy, ba zan ƙara harba waɗannan ba," in ji mutumin a hankali. "Ka yi haƙuri."

Noy Ambo ya daɗe yana kallon wajen allunan da ake harbi, waɗanda na san ba ya ganinsu. Wani zakara yana cara a gonar da ke bayan shinge. Na ɗauka zai ce a sake gwadawa, ko ya ce zafi ya taɓa albarushin.

"Mutum nawa na ɗura wa tun bara, Dong?"

"Ban sani ba, Noy."

"Ni na sani. Tayar da babur."

Shagon Ronilo muka fara zuwa. Yana kan buhuna yana cin gasasshiyar ayaba, da ya gan mu ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Noy Ambo bai sauka ba.

"Na'urarsu ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Ni ne. Akwai sauran nawa a wurinka?"

"Noy, maganar nan ta wuce. Ni ma bakina ya yi..."

"Ban zo jin bakinka ba. Akwai saura?"

"Akwai kaɗan."

"Kawo. Wani a ciki zai iya raba ka da yatsu."

Ronilo ya shiga ya fito da leda. Ya tsaya riƙe da ƙarfen babur kamar yana da sauran magana, amma Noy Ambo ya riga ya juya fuska.

Haka muka yi ta yawo kwana da kwanaki, duk ranar da babu asibiti. Gidan wani ɗan sanda mai ritaya, shagon wani mai gyaran firji, wata malamar makaranta a garin Carmen. A kowace ƙofa sai ya maimaita maganar da bakinsa, bai yarda in faɗa a madadinsa ba. Wasu su ce ba komai, wasu su ba shi ruwa, wani ya ce ai ya riga ya harbe nasa duka lafiya lau. "Allah ya so ka," in ji Noy Ambo. Ni kuwa na gaji. Fasinjojina suka koma wa wasu, matata ta daina tambayata inda na je. In mun dawo sai in ɗauke shi cak in shigar da shi, don ƙafafunsa sun kumbura.

Jovelyn ce ta riƙa kwance harsasan a baranda, yana gaya mata yadda ake yi. Dalma a gwangwani ɗaya, albarushi a bokitin ruwa.

"Ki yi a hankali, Day. Ba gyaɗa kike ɓarewa ba."

"In ka iya, zo ka yi."

"Da na iya, da ba mu zo nan ba."

Suka yi dariya su biyu, gajeriya.

Da aka gama, ya ce ba zai koma wankin ƙoda ba. Jovelyn ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta kira fada, limamin cocinmu. Fada ya shiga ya fito, ya ce mata ta bar shi. Na shiga na zauna a bakin gadon.

"Noy, ko sau ɗaya mu ƙara zuwa."

"Kai ba ka gaji ba ne, Dong?"

"Na gaji."

"To."

Bai yi mako biyu ba. Wata ranar Talata da azahar ina cin abinci, na ji an ƙwanƙwasa katakon da ke tsakaninmu. Na ajiye cokali na zagaya. Jovelyn tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, fanka tana ta juyawa a kansa. Na kashe fankar, na rufe masa baki, na fita na gaya wa matata.

Masu harbi sun zo zaman makoki da yawa, har waɗanda suka daina gaishe shi. Suka sha kofi, suka yi karta a ƙarƙashin rumfa, suka yi ta gardamar wace na'ura ta fi. Ronilo ya kawo alade guda, bai zauna ba, yana ta ɗauko kujeru.

Ranar jana'iza mota ba ta iya shiga layinmu, sai muka ɗauko akwatin gawar a kafaɗa, ni da Ronilo a gaba. Ba shi da nauyi. A tsakiyar layin igiyar shanyar maƙwabciyarmu Nang Soling ta tare hanya, jiƙaƙƙun kayan jikokinta na ɗiga. Tsohuwar ta fito da sauri, ta sa gora ta ɗaga igiyar sama muka wuce, ruwan yana ɗiga a kan murfin.

Da muka kai bakin titi na waiwaya. Layin ya zama wayam, kowa ya riga ya wuce, ita kuwa tana nan tsaye da gorar a hannu biyu, ba ta sauke ba.