Masu Tsintar Takarda

Tana tsaka da ja wa kan darasi layi a allo sai malamin aji ya shigo rungume da kwandunan shara biyu, ya dire su a bakin ƙofa. Ko kallonta bai yi ba. Ya karkaɗe hannu, ya miƙa sandarsa can bayan aji ya fara nuni.

"Kai, tashi. Ke ma. Kai mai zamewa ƙarƙashin benci, na gan ka. Layin nan duka, ku fito."

Malama Ƙarama, yadda yaran suke kiranta tun ranar da kwaleji ta turo ta koyon aiki, ta tsaya da alli a hannu. Ta san yau ce ranar da malamarsu ta kwaleji za ta zo ta zauna ta ga yadda take koyarwa, ta ba ta makin da zai sa ko ta fita da takardar malanta bana ko ta maimaita shekara. Amma kwanduna ba sa cikin shirinta.

"Baba, ina za su?"

"Gyaran aji," in ji dattijon. "Au, ba a gaya miki ba? Duk ranar da baƙo zai zo haka muke yi. Waɗannan su je bayan makaranta su tsinci takardu, ajin kusa da mu su ara mana yara masu kai su cike gurbin. Da baƙuwa ta tafi kowa ya koma wurinsa. Ba wanda ya yi asarar komai."

Ya faɗe shi ne kamar mai kwatanta mata inda ake ajiye tsintsiya. Kuma ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Shi ya ba ta kujerarsa ranar da ta zo, shi yake raba allinsa biyu ya miƙa mata rabi.

Yaran suka tashi ba gardama, wasu har da murna, don tsintar takarda ta fi zama a kan benci mai ƙafa uku. 'Yan baya ke nan: masu zuwa a makare, masu littafi ɗaya na duk darussa, waɗanda muryar malami take ƙarewa kafin ta iso gare su. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba.

Doguwa suke ce mata, don ta fi kowa a ajin tsawo da shekaru. Ba ta shiga makaranta da wuri ba, ta tsaya renon ƙannenta lokacin da uwarsu take kwance. Har yanzu sai ta yi musu wanka ta kai su inda za su sannan take zuwa, shi ya sa ƙararrawa ba ta taɓa riskarta a fili ba. Rubutunta ya fi na kowa kyau. Sai da Malama Ƙarama ta tsaya a kanta wata rana ta ce ta karanta abin da ta rubuta, sannan ta gane zane kawai yarinyar take yi, ba ta san harafi ko ɗaya da sunansa ba. Tun daga nan, in an fita tara kowa ya ruga wasa, su biyun sai su zauna a gefen tebur da wani tsohon littafi da malamar ta ba ta kyauta. Jiya ta karanta sakin layi guda ba ta yi tuntuɓe ba. Daɗi ya ɗebi Malama Ƙarama ta ce, "Gobe ke za ki karanta a gaban baƙuwa."

Yau kuwa Doguwa ta riga mai gadi zuwa. Ta wanke rigar makaranta, wuyan rigar bai gama bushewa ba. Tana zaune a miƙe, littafin a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu.

"Doguwa, da dutse nake magana?" in ji malamin aji.

"Baba, ita wannan a bar min ita," Malama Ƙarama ta ce. "Ta iya."

Dattijon ya matso ya rage murya. "'Yata, na ga ɗalibai irinki sun fi a ƙirga. Matar nan ba ta tambayar masu ɗaga hannu. Tashi take ta zaga baya, ta buɗe shafin da ta ga dama, ta nuna wanda ta ga dama. Shafi nawa yarinyar nan ta iya? Ɗaya? In aka buɗe mata wani ta tsaya tana zare ido, sunan wa za a rubuta? Ba nawa ba, ni na kusa ajiye aiki."

Malama Ƙarama ta san gaskiya ya faɗa. Makon jiya haka aka yi wa ƙawarta a wata makarantar, aka nuna yaro uku a jere ba wanda ya buɗe baki, ta dawo a motar haya tana kuka har mutane na tambaya ko mutuwa aka yi. Ga kuma uwarta, wadda ta ƙarar da idanunta a kan keken ɗinki, ta riga ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa bana za a yi malama a ɗakinta. Da safen nan ma sai da ta tashi ta goge mata riga, tana cewa, "Ki tsaya da kyau, kar ki dinga cin magana yadda kike yi min."

Doguwa ba malamin aji take kallo ba, Malama Ƙarama take kallo. Ba roƙo a idon, jira ne kawai, irin na wanda aka riga aka yi wa alkawari.

Malama Ƙarama ta juya ga allo. Ta goge layin da ta ja, wanda ba abin da ya same shi, ta sake jan wani. Tana jin ƙarar benci a bayanta, da takun ƙafa, da kwando da aka ɗaga. Ba ta ce wa Doguwa ta fita ba, wannan kam za ta iya rantsuwa. Ba ta dai juyo ba sai da takun ya yi nisa.

Yaran aro suka shigo a layi, kowa da jakarsa da gorar ruwa, suka zauna a wuraren da ba su gama hucewa ba. Wata ta ciro hankici ta share bencin tukuna.

Da hantsi motar kwaleji ta shigo. Malamar ta fito, gajeriyar mace mai tabarau, gajiya a fuskarta tun kafin a fara, don akwai wasu makarantun suna jiranta. Ta amsa gaisuwa da ka, ta wuce baya ta zauna, ta buɗe takardunta.

Darasi ya tafi sumul. Ina za a yi tuntuɓe, alhali yaran aro sun yi wannan darasin tun zangon da ya wuce? Kafin ta rufe baki hannaye sun tashi. Malamar ta zaga baya kamar yadda aka faɗa, ta buɗe shafin da ta ga dama, ta nuna yaro, ya zubo amsa. Malama Ƙarama ta ji muryarta tana fita tar, tana yabo, tana sa a yi tafi, har ta yi barkwancin da ta shirya aka yi dariya.

Da aka zo karatu ta ce, "Wa zai karanta mana?" Hannaye suka tashi. Ta buɗe baki za ta kira suna, ta ga ba ta san ko ɗaya ba.

"Ke... mai gorar nan. Bismillah."

Yarinyar ta miƙe ta kwarara karatu, da ƙyar take duba littafin. Tagar baya gilashinta ɗaya ya daɗe da fashewa, ta nan Malama Ƙarama ta hango Doguwa. Sauran sun watse suna guje-guje a bayan banɗakuna, ita kuwa tana tsaye jikin bango da kwando a kwankwaso, leɓunanta suna bin karatun. Mai gorar ta yi mata sauri. Ta bi, ta bi, aka bar ta a layi na biyu, ta rufe bakinta.

Bayan an gama, malamar ta kira ta baranda.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce, tana sa hannu a takarda. "Muna ta faɗa muku a kwaleji kar a bar yaro ko ɗaya a baya, to yau har 'yan baya sun amsa. Kin wuce. Gyara ɗaya: ki koyi sunayen ɗalibanki. Ba a ce wa yaro mai gora."

"To, Malama. Na gode."

Matar ta rufe biro, ta tsaya tana duban fili, inda yaran suke jan kwanduna a rana.

"Makarantar nan duk ranar da na zo sai na tarar ana tsintar takarda," ta ce. "Kuma ban taɓa ganin ta tsabtatu ba." Ta duba agogo, ta gyara jaka a kafaɗa, ta nufi mota.

Malama Ƙarama ta bi ta da kallo. Ashe matar ta sani. Kowa ya sani, daga mai gadi har mai ba da maki, kuma yanzu ita ma ta shiga cikinsu.

Aka mai da yaran aro, aka kaɗo 'yan baya. Suka shigo da gumi da ƙura, suna faɗa a kan wanda ya fi tsinta. Malamin aji ya yi mata barka, ya ce ai ya faɗa mata. Doguwa ta wuce wurinta ta zauna, wuyan rigar ya bushe, ya yi jirwaye.

"Yanzu za mu sake karatun, namu na gida," Malama Ƙarama ta ce, da fara'ar da ita kanta ta ji ba ta zauna ba. "Doguwa, tashi ki karanta mana."

"Hannuna da datti, Malama."

"Ba komai, karanta."

"Zan ɓata littafin."

Ta matso za ta lallashe ta, tana neman kalmar da za ta fara da ita, sai aka ji ƙarar mota a bakin ƙofar makaranta. Yaran gaba suka leƙa. Motar kwaleji ce ta dawo, malamar ta manta gidan tabaraunta a kan bencin baya.

Doguwa ta miƙe. Ta taɓa kafaɗar na kusa da ita, ta yafito sauran, yadda take tattara ƙannenta da safe. Layin baya ya tashi duka.

"Ina za ku? Wa ya ce ku fita? Ku koma ku zauna!"

"Baƙuwa ta dawo, Malama," in ji Doguwa. Ba fushi a muryar, ba gatse. "Kar ta gan mu a rage miki maki."

"Doguwa, tsaya. Na ce ki tsaya."

Amma ta riga ta ɗauki kwando. Suka bi ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, a nutse, ba wanda ya nuna su da sanda. Malamin aji ya bi su da kallo yana gyaɗa kai.

"Kin gani ko? Yarinyar tana da hankali, karatun ne dai babu."

Direba ne ma ya shigo, ba malamar ba. Ya yi sallama, ya ɗauki gidan tabarau, ya fita. Motar ta tashi ta tafi, ba wanda ya je ya gaya wa na bayan makaranta. 'Yan gaba suka zuba mata ido suna jiran a ci gaba. Ta koma tebur za ta ɗauki alli, sai ta tarar da tsohon littafin da ta ba Doguwa a kai, an ajiye shi daidai a gefen jakarta, an kuma share bangonsa da gefen riga.