Dawar da Ta Sha Hayaƙi

A kasuwar Kawo, layin 'yan hatsi, akwai wani tsohon dillali da ake kira Malam Balarabe Mai-haƙori. Haƙoran nasa tara ne kacal suka rage, amma su ne jarinsa. In aka sauke buhu daga mota, sai ya soka ƙarfensa mai rami, ƙwayoyi su zubo masa a tafi, ya jefa uku a baki, ya lumshe ido kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Can sai ya ce, "Wannan ta Giwa ce, an yanke ta ba ta gama bushewa ba." Ko ya ce, "Ta Soba ce, mai ita ya yi rowar taki." Da wuya ya kuskure.

Yakan ce duk benayen Kaduna a kan mudu suke tsaye, ran da mudu ya kife za a ga abin mamaki. 'Yan kasuwa su yi ta dariya, su ce tsufa ne.

Abin da ba su sani ba, akwai dawa guda da yake jira duk shekara. Kaura ce, sai dai kowace ƙwaya tana da ɗan ɗigon ja a gindinta, kamar an taɓa ta da lalle. 'Yar Goggo ake ce mata a gidansu, can Rafin Kanya, kuma mutum ɗaya ne ya rage yana shuka ta a duniya: wansa Maliki.

Shekara talatin da ɗaya ke nan rabon su da magana. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona, Balarabe ya sayar da nasa kason ya taho birni. Ran da zai tafi, Maliki ya tsaya a bakin rumbu ya ce, "Wanda ya sayar da ƙasar da aka binne cibiyarsa, ban san da wane baki zan gaishe shi ba." Daga nan bai ƙara ba. Ba saƙo, ba waya, ko da zamanin waya ya zo. Amma kowace kaka, buhu biyu na 'yar Goggo sukan faɗo kasuwar Kawo a cikin kayan fatake. Balarabe ya tauna, ya ce a ransa, Yaya yana nan, kuma yana da ƙarfin duƙawa. Sai ya ƙudurta cewa baɗi zai je ya nemi gafara. Baɗi ta zo, ya ce wata baɗin.

Bana kaka ta zo ta wuce, 'yar Goggo ba ta zo ba. Ya ji labarin 'yan bindiga sun tashi ƙauyukan yankin, har sai an biya su kafin a yi girbi. Ya tambayi direbobi, kowa ya ce ai hanyar nan ba mai bin ta yanzu. Hatsi ya yi tsada har mata suka koma awon rabin mudu. A rediyon mai shayi kuwa kullum ana faɗin noma shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasa.

Wata Talata, cikin zafin bazara, wani falke mai suna Alhaji Aliyu ya kira shi.

"Mai-haƙori, zo ka yi mana dubanka. In ka faɗi garin wannan, na saya maka haƙorin Makka."

"Wanda ka yi mini alkawari bara ma har yanzu yana jirgi," in ji Balarabe.

Ya soka ƙarfe a bakin buhun. Da ganin ɗigon ja, sai murna ta kama shi. Ya jefa a baki. Bai kai ga taunawa ba murnar ta koma ciki.

Hayaƙi ya ji. Ba na gobara ba, hayaƙin madafi ne, irin wanda ke shiga hatsi a hankali wata da watanni. A gidansu, in an yi girbi, akan zaɓi zangarniyoyin da suka fi kowanne cika, a ɗaure, a rataye a saman murhu, su sha hayaƙi har kunkunniya ta rufe su, don kada ƙwari su taɓa. Wannan shi ne iri. Ko yunwa ta kai ina, ba a sauke shi sai ruwan shuka ya sauka. Ya tuna shekarar fari, suna yara, sun kwana biyu ba abin ci sai ganyen tafasa, uwarsu na kallon damin nan a sama tana hawaye, ba ta miƙa hannu ba.

Maliki ba zai sayar da iri ba yana numfashi.

"Alhaji, ina ka samo wannan?"

"Au, yau kai ke tambaya? To haƙorin Makka ya tsira." Da ya dubi fuskar tsohon sai ya daina dariya. "Wata mata ce a Rigachikun, cikin 'yan gudun hijiran nan. Mudu shida ta kawo. Na ga ta yi kyau, na zuba a bakin buhu don ta ja ido. Ƙasan duk gama-gari ce."

"Sayar mini da buhun."

"Ai na riga na sayar. Masu abincin kaji ne, ga motarsu can ana lodi."

Kafin ya ce wani abu, 'yan dako sun sungumi buhun. Abin da ya rage masa shi ne ɗan abin da ke tafinsa. Ya zuba a aljihu, ya bar rumfarsa a buɗe, ya hau mota.

A Rigachikun ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani kango a bayan gari, ba ƙofa ba taga, an tare iska da buhunan siminti. Wata mace tana zaune a ƙofa tana sheƙe hatsi a faifai, yara uku sun kewaye ta, ba mai wasa a cikinsu, idonsu duk a kan faifan. Bai taɓa ganin ta ba, amma goshin na gidansu ne.

Ya yi sallama. Ta amsa, ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Baffa Balarabe ne?"

"Wa ya gaya miki?"

"Tafiyarku ɗaya da Baba. Ni ce Harira, 'yarsa." Ta ajiye faifan. "Yau kwana goma sha tara da rasuwarsa."

Ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna a kan bulo.

Ta ba shi labari a hankali. Sun baro Rafin Kanya dawa na tsaye a gona, ta nuna, ba halin yanka. Mijinta tun a hanya aka rabu da shi, har yau ba labari. Maliki ya faki ido ya shiga gona ya karyo zangarniyoyin da ya riga ya sa wa ido, su kaɗai ya ɗauko, ko tabarma bai ɗauka ba. Da suka sami kangon nan, abin da ya fara yi shi ne ya kafa ƙusa a saman inda take girki ya rataye damin. Wata huɗu yana zaune yana kallon sa, yana cewa da ruwa ya sauka za su koma. Tari ya kama shi. Ko da ciwo ya yi tsanani, ta ce a sayar a sayi magani, ya ce in ta taɓa bai yafe ba.

"Wata huɗu," in ji Balarabe. "Ni ina nan Unguwar Dosa. Mota ɗaya ce tsakaninmu."

"Na ce masa mu neme ka. Ya ce shi da ya yi maka gorin barin gida, da wane ido zai zo ƙofarka ba gona ba rumbu?"

Balarabe ya sunkuyar da kai.

"Ni ma na yi ta riƙewa, Baffa. Da ƙaramin ya kwanta da zazzaɓi ne na sussuke, na sayar da rabi. Muka ci saura. Wannan ce ta ƙarshe."

Ya dubi faifan. Ba ta fi mudu ɗaya ba. Bakinsa ya buɗe zai ce a ajiye, zai kawo musu wata gobe, buhu guda ma. Sai ya ga ƙaramar yarinyar ta tsinci ƙwaya ɗaya da ta faɗi ƙasa, ta sa a baki tana tsotsa. Tun jiya ba su ɗora tukunya ba. Kuma ko an ajiye, a ina za a zuba mudu guda na iri? Shi gidan haya yake, tsakar gidan ma siminti ne.

"Kawo," ya ce.

Shi da kansa ya kai injin niƙa, ya tsaya har aka gama. Garin na fitowa da ɗumi, ƙamshin madafin uwarsu ya tashi a cikin ƙarar inji, har mai injin ya tambaye shi ko hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Harira ta tuƙa tuwo, ta sa masa nasa. Ya gutsura sau ɗaya, ya tura wa yara.

"Akwai abin da ban gane ba," ya ce. "Ga kasuwanni kusa da ku. Me ke kawo dawarsa har Kawo duk shekara?"

"Ai da gangan ne. Sauran yakan sayar a gida. Buhu biyu kuwa sai ya bi falke har bakin mota yana jaddadawa, Kawo za a kai, layin 'yan hatsi. Har faɗa suke yi da Inna a kan kuɗin mota. Yakan ce, akwai wani marar kunya a can da ba ya iya gaisuwa, bari ya tauna ya san ban mutu ba."

Balarabe ya ja hularsa ya rufe fuska. Yaran suka daina ci suna kallon sa.

Washegari ya kwashe su zuwa Unguwar Dosa, aka raba ɗaki biyu. Ƙwayoyin aljihunsa kuwa ya ƙulle a tsumma, ya rataye a saman murhun matarsa. Kwanaki yana zagaya unguwa bayan la'asar, yana neman inda ƙasa ta rage. Duk inda ya san gona ce a da, an yanka fuloti, an kafa tubali.

Ran da ruwan farko ya sauka, ya koma Rigachikun, Harira ta kwatanta masa kabarin. Ya yi addu'a ya daɗe. Sannan ya sami mai gadin maƙabartar, ya roƙe shi ɗan gefen katanga, inda ba a kai ga haƙa ba tukuna.

"Baba, nan ma ba za a daɗe ba za a iso," in ji mai gadin. "Mutane ake kawowa kullum."

"Wata biyar kawai nake nema."

Ba shi da fartanya, sai ƙarfensa na soka buhu. Da shi ya yi ramuka goma sha ɗaya a jikin katanga, yana duƙawa da ƙyar, bayansa na ƙara, don rabonsa da shuka shekara talatin da ɗaya. Ya zuba uku uku, ya rufe da diddige yadda Maliki ya koya masa suna yara. Ƙwaya ɗaya ta rage a tsumman. Ya ɗaga ta zai kai baki, sai ya fasa, ya tona ramin ƙarshe ya ƙara ta a ciki.