Ɗigon Haske a Gindin Farin Dutse

Baljan tana aiki a wani kantin magani a birnin Aktau, amma ranakun hutu na kyamararta ne. Ran Asabar mijinta Saken ya kai ta bakin gangaren Ustyurt, inda fararen duwatsun alli suke tsaitsaye kamar hasumiyoyin garin da aka ƙaurace wa. Ta yi ta ɗaukar hotuna tun faɗuwar rana har duhu ya fara cin gindinsu, sannan suka kamo hanyar gida.

Ran Talata da yamma ta kai hoton da ta fi so shagon Tolegen, tsohon mai hoto, inda masu koyo suke taruwa a ɗakin baya kan shayi mai madara. Ya buɗe shi a kwamfuta, ya ƙura masa ido.

"Ƙanwata, samaniyar nan ta sha jan baki," in ji shi. "Biki za ta?"

Aka yi dariya. Baljan ta ce, "Haka na gan ta, Aga," wato yaya, yadda kowa ke kiransa.

"Idonki ya gani, hannunki ya ƙara. Rage jan. Dogon dutsen kuma kin dasa shi a tsakiya kamar ɗan sanda, ki matsar da shi gefe ya sha iska." Ya kai yatsa ƙasa ta hagu. "Nan fa? Inuwar nan ta yi sumul da yawa. Me kika goge?"

"Wani ɗigo ne fari. Ƙura ce a gilashin kyamara, ina jin."

"Ƙura baƙa take fitowa. Nuna mini na asali."

Ta buɗe. Can ƙasa, a cikin kwarin da ke gindin duwatsun, ga ɗigon nan, bai kai ƙwayar gero ba. Tolegen ya ƙara masa girma har ya rabu gida biyu, haske biyu gefe da gefe.

"Wuce na gaba," ya ce.

A hoto na gaba babu komai. A na bayansa ga shi ya dawo, a wuri ɗaya. Na gaba kuma duhu. Tana dannawa, hasken yana kunnuwa yana mutuwa, kuma duk sanda ya dawo sai ya ƙara dusashewa, daga fari ya koma ruwan ƙwai.

Babu wanda ya sake taɓa shayinsa.

"Akwai hanya a kwarin nan?" Baljan ta tambaya.

"Babu hanya, babu rijiya, waya ma ba ta kamawa," in ji Tolegen. "Fitilun mota ne. Wani yana kiran ki."

Tsakiyar bazara ce, zafin da ke fasa leɓe tun hantsi. Ta kira Saken, Tolegen ya kira jami'an ceto. Suka ce lalle akwai wasu mata da miji waɗanda 'yan'uwansu suke cigiyarsu, amma can wajen garin Beineu aka nufa da neman, don can ma'auratan suka ce za su.

Da asuba suka tashi, motar jami'ai a gaba, ta Saken a baya cike da jarkokin ruwa. Tolegen ya riƙe hoton a cinya yana gwada shi da duwatsu. Rana ta take sosai kafin suka sami gangaren da mota za ta iya sauka.

Motar da suke nema tana nan, ta nutse har ciki a laka mai gishiri wadda samanta ya bushe kamar ƙasa mai ƙarfi. An rufe tagogin da bargo. A ƙarƙashin inuwarta wata dattijuwa tana kwance, leɓunanta sun tsage, gorunan ruwa babu komai a gefenta. Wani jami'i ya ɗaga kanta, ya ɗiga mata ruwa kaɗan kaɗan. Ta ce sunanta Raushan.

"Apa," Baljan ta kira ta, wato inna, tana durƙushe a gabanta. "Ina mijinki?"

Tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar, ta nuna saman gangaren.

"Ran Asabar mun ga mutane a can sama, 'yata. Ya yi ta kunna musu fitila har batir ya mutu. Da motarsu ta juya, ya ce ai wurin akwai hanya, bari ya hau ya tare wani. Kun gamu da shi?"

Baljan ta dubi Saken. Saken ya sunkuyar da kai.

Aka ɗauki Raushan zuwa asibiti, ta rayu. Jami'ai suka bi sawun mijin a kan farar ƙasa. Bai nufi gangaren kai tsaye ba, ya shiga tsakanin duwatsun, inda kowanne yake kama da ɗan'uwansa, sawun yana zagayawa yana komawa kan kansa. A gindin wani suka tsinci takalminsa ƙafa ɗaya. Daga nan ƙasar ta zama dutse zalla, sawu ya ɓace. Aka yi ta nema har kaka ta shigo, ba a same shi ba.