Farin Kabejin Nafisa

Shekara arba'in Malam Garba ya yi yana noman lambu a Batagarawa kafin gwiwa ta ci amanarsa, 'yarsa Nafisa ta ɗauko shi zuwa gidanta a Ƙofar Kaura. Nan ya koma mutumin tabarma: a kawo tuwo, a kawo magani. Ba abin da ke cin ransa kamar zama gidan suruki ba ya tsinana komai.

Shi ya sa da aka tura Nafisa kwas na mako biyu a Kaduna, ta bar masa amanar shukarta, sai da ya ɓoye murna. Tushe goma sha biyu ne cikin buhuna a bayan ɗakin girki, wata biyu tana fama da su. Farin kabeji ta kira su. Ta fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Kabeji za ki koya mani, Nafisa? Tahi abinki."

Safe da yamma yana ban ruwa, yana tsince tsutsa. Amma ganye ya ƙi naɗewa, sai faɗi yake ta yi. A kwana na tara ya leƙa tsakiya, ya ga wani farin dunƙule ya leƙo. Fure! Ko jiya mutum ya fara lambu ya san ganye in ya yi fure ya tashi aiki. Ya ja kujera, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙarsa, ya yanke furen ya watsa wa kaji. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Da Nafisa ta dawo, ko mayafi bai bari ta cire ba.

"Zo ki gani, ɗiyata. Saura kaɗan ki yi asara, Allah Ya sa ina nan."

Ta buɗe tushe uku, ta tsaya. Can ta ciro waya ta nuna masa hoto: farin dunƙule ƙato, an yanka a faranti.

"Shi ake ci, Baba. Kuma sau guda yake hitowa."

Ya so ta yi faɗa, wallahi da ya fi masa sauƙi. Sai ta ce, "Ba komi, sannu da ƙoƙari."

Bayan mako ta kawo sabon iri ta shuka. Washegari da ya dawo daga sallar asuba ya nufi bayan ɗakin girki, ya tarar ƙasar buhunan jiƙe sharkaf. Ta riga shi.