Falon Direba a Bakin Titi

Da aka fara maganar ƙaura, Direba bai ɗauka akwai wata wahala ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana loda kaya a babbar mota yana saukewa, ai tarkacen gida ɗaya ba za su gagare shi ba. Sai da 'yarsu ta kai su ganin sabon wurin, a saman wani bene kusa da inda take aiki, sannan jikinsa ya yi sanyi. Matakalar siririya ce, ga lanƙwasa, falon kuma idan ka miƙe ƙafa da kyau sai ka taɓo ƙofar kicin. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu tun da ta haifi tagwaye, ta zagaya ɗakunan tana auna bango da tafin hannu. Ta dawo ta ce gidan ya yi mata, sai dai akwai kayan da ba za su biyo su ba.

Tun a mota ta fara ambatonsu. Doguwar kujerar falo wadda tsakiyarta ya lotsa. Firij ɗin da ya daina sanyi tun yaran suna makaranta, aka mayar da shi ma'ajiyar kwanuka. Talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da fankar nan mai karyayyen wuya da aka ɗaure da tsumma, da gadon ƙarfe. Ita malamar makaranta ce, da safe take fita, in ta tashi kuma ta wuce share sabon gida. Shi ne ya yi ritaya, don haka aikin rabuwa da kayan ya faɗa wuyansa.

Da dangi ya fara. Ƙanensa ya zo ya zauna a kujerar don ya gwada ta, ya nutse har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, sai da Direba ya jawo shi da hannu biyu. Ya yi godiya, ya ce zai shawarci iyali, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ƙanwar Maman Biyu ta zo, ta wuce firij ɗin kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya gaban sabon murhun gas tana tambaya ko shi ma yana cikin na kyautar. Mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, shi kaɗai ya yi abin kirki: ya kwance gadon ƙarfe ya ɗora a kurarsa. Kujera kuwa ya ce ba ƙarfe ba ce, firij kuma ya fi ƙarfin kurar, zai dawo da babba. Ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Da abin ya ishi Direba, sai ya yanke shawarar fitar da komai ƙofar gida, duk mai so ya ɗauka. Ya tsallaka titi ya roƙi Mai Aski ya kama masa. Shekara da shekaru suna fuskantar juna, amma tsakaninsu gaisuwa ce kawai, don Direba kullum yana kan hanya, da ya ajiye tuƙi kuma ya zama ɗan zaman ɗaki, shi da rediyonsa. Suka yi ta ja da turawa har suka jera kayan a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa. Gumi ya jiƙa su, suka zube a kan kujerar don su huta. Mai Aski ya ce shi bai ga laifinta ba, in dai mutum ya san gefen da zai zauna.

Kafin su tashi, mutum biyu da ke jiran aski suka tsallako, don inuwar nan ta fi bencin shago daɗi. Can sai ga mai gyaran wuta na layin, wanda ake kira Mai Waya, zai wuce da jakarsa. Shi mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya ɗauke kai. Ya kwance tsumman fankar, ya ɗaure wuyan da ƙusa, aka jawo doguwar waya daga shagon aski, fanka ta fara juyi tana raba iska kamar ba ita ba. Ya koma bayan firij ya kwanta a ƙasa, ya cire wani ɗan abu da bai kai yatsa ba ya sa wani, ya buga masa tafin hannu a gefe. Firij ya yi tari, ya fara gurnani. Da yamma ruwan da aka saka ciki har ya yi raɓa a jikin gora.

Direba ya tsaya yana kallon firij ɗin kamar wanda ɗansa ya ba shi kunya a gaban baƙi.

Washegari aka kunna talabijin, aka ci sa'a ana buga ƙwallo. Daga nan ƙofar gidan ta zama wurin zama. Wani ya kawo benci, wani ya kawo tabarma, matar da ke sayar da lemo a ƙarshen layi ta nemi alfarmar ajiye kwalabenta a firij. Direba, da yake shi ne mai falo, aka bar masa gefen kujerar da bai lotsa ba. Aka tambaye shi labarin hanya, ya ba da na ranar da burki ya tsinke masa a gangara da lodin siminti, mutane suka yi tsit har Mai Aski ya manta da kan da ya bari rabi a shago. Maman Biyu da yara sun ji labarin nan har sun haddace, rabon da wani ya saurare shi da buɗaɗɗen baki an daɗe. A nan ne ma ya gane tsohon da ke gidan gefe, wanda ya daɗe yana ɗauka mai girman kai ne don ba ya amsa gaisuwa, ashe kunnensa ne ya yi nauyi. Suka zama abokai, suna hira da ƙarfi kamar masu faɗa.

Kullum Maman Biyu ta dawo sai ta ratsa taron, a gaishe ta da girmamawa, ta shiga ciki ta tambayi mijinta ina aka kwana. Sai ya ce ana kan magana. Ta tuna masa cewa mai gidan da suke haya ya ce a bar masa ƙofarsa fes kafin a miƙa makulli. Ya ce ya sani.

Gaskiyar ita ce an sami mai so. Wani saurayi da ke shirin kama ɗaki ya zo da abokinsa, ya zagaya kujerar, ya ce in kyauta ce shi zai ɗauka yanzu. Direba ya buɗe baki zai ce bismillah, sai ya ji kansa yana cewa an riga an yi wa wani alkawari. Saurayin ya tafi, shi kuma ya kasa haɗa ido da kowa.

Ana gobe za a tashi, Maman Biyu ta wanke falon da babu komai a ciki, ta goge shi tas kafin ta fita. Direba ya bar makulli wurin Mai Aski saboda mai fenti zai zo duba bango, ya tafi tasha neman motar ɗaukar kaya wurin tsofaffin abokan aikinsa. Yana can hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya tuna kayan da ke waje, zuciyarsa ta rabu biyu: rabi na cewa an huta, rabi na jin kamar an bar ɗan'uwa a ruwa.

Da ya iso layin a jiƙe, ƙarƙashin bishiya wayam. Ya ɗauka mai gwangwan ne ya cika alkawari. Sai ya jiyo ihun ƙwallo daga cikin gidansa. Maƙwabta ne, da suka ga hadari, suka haɗu suka kwashe komai suka mayar falo, kowane abu daidai inda shatinsa yake a ƙasa. Ga fanka na juyi, ga firij na gurnani, ga mutane a jere har bakin ƙofa, ga sawun taɓo ko'ina. Mai Aski ya matsa masa wuri yana faɗa masa da alfahari cewa ko ɗigo bai taɓa talabijin ba.

Bai kai ga zama ba Maman Biyu ta shigo, lema a hannu. Wani ya rage sautin talabijin. Ta dubi ƙasan da ta goge da safe, ta dubi kujerar, ta dubi mijinta.

"Sannunku da aiki," in ji ta. "Wa ya shigo da su?"

Kowa ya nuna na kusa da shi. Direba ya fara bayanin cewa ai har yanzu ba a sami mai so ba ne, sai tsohon nan mai nauyin kunne, wanda bai ji an yi shiru ba, ya ɗaga murya yana yabon Direba da riƙon amana: yaro ya zo har da abokinsa zai ɗauki kujera, amma ya hana shi saboda ya yi wa wani alkawari.

Direba ya duƙar da kai yana matse ruwa daga bakin rigarsa. Ya san kallon da ake yi masa ko bai ɗago ba. Amma da ta yi magana, muryarta ba ta yi zafi ba.

"Baban Biyu, da ka faɗa mini ai da ban yi ta tambayarka ba." Ta juya wurin Mai Aski. "Kai aka yi wa alkawarin. Kujera da talabijin su koma rumfar shagonka. Amma gefen nan mai kyau nasa ne duk ranar da ya zo."

Mai Aski ya fara cewa rumfar tana yoyo, Mai Waya ya ce shi zai liƙe ta gobe. Firij ta ba mai sayar da lemo, fanka ta ba tsohon, sai da aka maimaita masa a kunne sannan ya fahimci tasa ce, ya rungume ta kamar jika. Da ruwa ya tsagaita aka sake kinkimar kayan aka fita da su. Maman Biyu ta tsaya a ƙofa ta miƙa wa mazan bokiti da tsumma, ba wanda ya tafi sai da falon ya koma yadda ta bar shi.

Da safe motar ta zo, layin gaba ɗaya ya fito lodi. Direba ya tsaya a baya yana ba da umarni, wannan a ƙasa, wancan a kwance, kamar zamanin da yake kan aiki. Wasu har suka bi motar suka taya hawa da kaya benen, suna zagin matakalar a kowace lanƙwasa.

Sabon falon ya yi kyau, ya kuma yi shiru. Da la'asar Direba ya leƙa ta taga, ya hango wani mutum mai kamar shekarunsa a gindin benen, zaune a kan bulo yana gyaran keke shi kaɗai. Sannan ya ɗauki kujerun roba biyu da 'yarsu ta sayo musu, ya nufi ƙofa a hankali.

Maman Biyu tana jera kofuna a kicin, ba ta ko juyo ba.

"Waɗannan dai ka dawo mini da su," ta ce.